Rage kaifin rana ko raya ƙasa: wane bincike ɗalibin Sakkwato zai shiga ba tare da ɗaukar alhaki ba?

A makon jiya ɗiyar yayana ta same ni a zaure bayan la'asar, riƙe da takardu biyu. Ta gama digirin farko a fannin fiziks, tana neman na biyu, sai Allah ya buɗe mata ƙofa biyu lokaci guda. Ta farko wata tawagar masu bincike ce da ke lissafi a kwamfuta kan abin da zai sami daminar Afirka ta Yamma idan aka watsa ƙura a can ƙolin sama don a rage kaifin rana. Ta biyu aikin fili ne a ƙauyukan arewacin jihar nan: raya itatuwa cikin gonaki, binne gawayi a ƙasa, da auna yawan iskar kabon da ƙasar ta riƙe domin a sayar da shaidar hakan ga kamfanonin waje. Kowanne da kuɗin makaranta, kowanne da alawus.

"Baffa, ba wanda ya fi kuɗi nake tambaya ba," in ji ta. "Wanne zan yi da ba zan kwana da haƙƙin mutane a wuyana ba?"

Da farko na so in ce mata ta bi itatuwa kawai, ai dashen itace sadaka ce mai gudana. Da na zauna da takardun na kwana biyu sai na ga amsar ba ta zo da sauƙin haka ba.

Ayyukan biyu duka suna ƙarƙashin abin da masana ke kira sarrafa yanayin duniya da gangan, amma cutar da suke yi wa magani ba ta fuska ɗaya suke kama ta ba. Iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da gas da kwal tana taruwa a sama, tana hana zafi fita, kamar mutum ya lulluɓa da bargo a watan Afrilu. Masu raya ƙasa so suke su rage kaurin bargon, zare bayan zare. Masu watsa ƙura kuwa sun bar bargon yadda yake, sun ce a kafa rumfa a rage ranar da ke dukansa. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke mai da rana kamar faifan azurfa, har mutum ya iya kallonta da ido, ya riga ya fahimci dabarar. Bambancin shi ne hazonmu a ƙasa-ƙasa yake, ruwan farko na wanke shi, ita kuwa wannan ƙura ta farar wuta jirage za su kai ta kimanin kilomita 20 a sama, inda babu ruwan da zai wanke ta, ta yi shekara ɗaya ko biyu tana yawo.

Ba tatsuniya ba ce. A 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya tura miliyoyin tan na hayaƙin farar wuta zuwa can sama, kuma zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. A 2006 Paul Crutzen, wanda ya ci kyautar Nobel kan binciken rufin ozon, wato iskar da ke tare mugun hasken rana a can sama, ya rubuta cewa ya kamata a yi nazarin kwaikwayon wannan dutse da hannun ɗan Adam. Tun daga nan maganar ta fita daga raɗa ta shiga zauren taro. Abin da ke jan hankalin masu kuɗi gare ta shi ne arha da sauri: 'yan biliyoyin daloli a shekara, kuma a ga sauyi cikin ƙanƙanin lokaci. Wannan arhar kuwa ita ce abin tsoron, don abin da ƙasa ɗaya mai ƙarfi za ta iya yi da aljihunta, za ta iya yinsa ba tare da ta tambayi kowa ba.

Mu a nan ba zafi kaɗai ke damunmu ba. Mun saba da digiri 40 da ɗoriya. Abin da rayuwarmu ta rataya a kai shi ne wata huɗun nan, daga Yuni zuwa Satumba, da ko ruwa zai kai gero ya fid da kai. A 2013 wani masani na Ingila, Jim Haywood, da abokan aikinsa sun wallafa binciken da ya kamata kowane ɗalibin Sahel ya sani. Sun duba daminun da suka fi bushewa a yankinmu tsakanin 1900 da 2010, sai suka ga uku daga cikin huɗu mafiya muni sun biyo bayan aman manyan duwatsu a arewacin duniya, irin su Katmai na Alaska a 1912 da El Chichón na Meziko a 1982. Wanda ya ji labarin yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 daga bakin kakanni, ko ya ga farin 1983 da 1984 da idonsa, zai gane shekarun. Lissafinsu ya nuna cewa idan aka watsa ƙurar a arewacin duniya kaɗai, ɗamarar gajimaren da ke kawo mana ruwa za ta ja da baya zuwa kudu, Sahel ta bushe. Idan a kudanci aka watsa, ruwanmu ya ƙaru, amma wani yankin ne zai biya kuɗin. Ma'ana, hannun da ya zaɓi inda jirgin zai saki ƙurar shi ne ke riƙe da rumbun mutumin Gwadabawa, alhali ko sunan garin bai taɓa ji ba.

Akwai kuma matsalar dainawa. Ƙurar na sauka cikin shekara biyu, iskar kabon kuwa tana ɗaruruwan shekaru. Idan aka fara aka yi shekara hamsin ana yi, hayaƙi kuma bai ragu ba, sai yaƙi ko talauci ya tsai da jiragen, duk zafin da aka danne zai taso gaba ɗaya cikin 'yan shekaru, da saurin da shuka da dabba ba za su iya bi ba. Wanda ya fara ya ɗaura wa jikokinsa aikin da ba su da ikon ajiyewa. Ga shi kuma rumfar ba ta hana teku yin tsami, don wannan aikin kabon ne ba na rana ba.

Tarihin gwaje-gwajen fili a wannan fanni, in ka bi shi, kusan duk a wuri ɗaya suka yi tuntuɓe, kuma ba a kimiyya ba ne. A Ingila an soke gwajin SPICE a 2012, inda ruwa kawai za a fesa daga balan-balan, bayan ta bayyana cewa wasu masu hannu a ciki sun nemi rajistar mallakar fasahar. A 2012 ɗin dai wani kamfani ya zuba kimanin tan 100 na sinadarin ƙarfe a tekun yammacin Kanada don ya hayayyafa ganyen ruwa mai shan kabon, duniya ba ta sani ba sai bayan an gama. Masanan jami'ar Harvard sun shirya tashin balan-balan a Kiruna ta ƙasar Suwidin a 2021, tashin farko ma ba za a saki komai ba, na'ura kawai za a gwada. Majalisar 'yan asalin yankin, Samawa makiyayan barewar ƙanƙara, ta ce ba da yawunta ba, aka fasa, a 2024 kuma aka rufe aikin. Wani ƙaramin kamfanin Amurka, Make Sunsets, ya saki balan-balan masu hayaƙin farar wuta a Meziko a 2022 ba da izini ba, yana sayar da shaidar sanyaya duniya, sai gwamnatin ƙasar ta sanar a farkon 2023 cewa za ta haramta irin wannan gwaji. A 2024 majalisar garin Alameda a Kaliforniya ta tsai da gwajin fesa gishirin teku don ƙara wa gajimare haske, babban ƙorafinta shi ne a jarida ta ji labari.

Dubi ƙanƙantar abin da aka hana. Ruwa, gishiri, balan-balan marar kaya. Ba gubar ce ta tada mutane ba, rainin ne. Mu kuma 'yan Arewa ba ma buƙatar Samawa su koya mana wannan darasi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano cikin wani gwaji na yara kimanin 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Amma kafin nan ɓarnar ta riga ta yi nisa: a 2003 da aka tashi ƙaurace wa rigakafin shan inna, wannan labari na cikin abin da ake kafa hujja da shi, kuma yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka shanye. Bincike ɗaya da aka yi ba da yardar mutane ba ya rufe wa bincike ɗari ƙofa.

Mafi kusa da mu ma ga Bakolori. An gama dam ɗin a 1978 a kan gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, lokacin tana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, da niyya mai kyau ta noman rani. Manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, a 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka rasa rayuka. Na ƙasa da dam ɗin kuwa, waɗanda ba a ma lissafa da su ba, ambaliyar da ke ciyar da fadamarsu ta ragu, shinkafa da kifi suka yi baya. Injiniyan bai yi ƙarya ba, ruwan ya taru kamar yadda ya zana. Abin da zanen bai nuna ba shi ne mutumin da ke ƙarshen gulbi. A maganar ƙurar sama, mu ne mutumin ƙarshen gulbin.

Shi ya sa ban yi mamaki ba da ministocin muhalli na Afirka, a taronsu na Addis Ababa a 2023, suka nemi a yi yarjejeniyar hana amfani da wannan fasaha, kuma a taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya a Nairobi a 2024 aka janye ƙudurin da Suwizalan ta kawo kan batun saboda an kasa daidaitawa. Tun 2010 ma, a Nagoya ta Japan, ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar kare halittu sun amince a dakata da irin waɗannan ayyuka, ban da ƙananan bincike a killataccen wuri. Nahiyar da hayaƙinta bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba tana da bakin cewa kada a yi gyaran gangar Auzinawa a kanta.

To, in haka ne, sai ɗiyar tawa ta yaga takarda ta farko? A nan ne na canza ra'ayi. Abin da aka kira ta yi ba sakin ƙura ba ne. Lissafi ne a kwamfuta, ba ya taɓa ko ɗigon ruwa ɗaya. Kuma binciken Haywood da na ambata, wanda shi ne makaminmu mafi kaifi a wannan gardama, irin wannan lissafin ne ya haife shi. Da ba a yi shi ba, da me za mu ce? Manyan na'urorin kwaikwayon yanayi sun daɗe suna tuntuɓe a kan daminar Sahel, wasu su ce za ta ƙaru, wasu su ce za ta ragu. Masanin da ke zaune a Turai zai duba jimillar ruwan shekara ya ce ba a sami canji ba. Wadda ta tashi a nan ta san jimilla ba ta cika rumbu. Tambayar ita ce yaushe ruwan shuka ya sauka, kwana nawa aka yi ba ruwa bayan tsiro, ko ya ɗauke kafin gero ya yi ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai wata ƙungiya mai suna DEGREES da ke ba masanan ƙasashe masu tasowa kuɗin irin wannan lissafi, kuma tawagogi a Binin, Afirka ta Kudu da Najeriya sun samu.

Masu adawa suna da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce kowane bincike, ko na kwamfuta ne, yana sa kunne ya saba da abin, yana ba masu rijiyoyin mai uzurin jinkiri, kuma sunan ɗan Afirka a kan takarda ado ne da za a nuna a ce ai da ku aka yi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na yarda haɗarin na nan. Sai dai ƙin karanta wasiƙar da aka rubuta a kanka ba ya hana a aika ta. Birtaniya ta riga ta ware fam miliyan 56.8 ta hannun hukumarta ta ARIA don wannan fanni, har da ƙananan gwaje-gwajen fili. Ko mun shiga ko mun ƙi, ana yi.

Yanzu ga takarda ta biyu, wadda kowa zai sa wa albarka ido rufe. Alherinta a fili yake. Ƙetare iyaka kaɗan, a yankunan Maraɗi da Damagaram, manoma sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ba da dashe ba, ta hanyar barin kututturan da ke tohowa a gona da yi musu sassabe. Gawo ya fi kowa suna a nan, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ga taki, ga abincin dabba da rani. In aikin ya lalace, gona ɗaya ce ko ƙauye ɗaya, kuma ana iya dainawa gobe. Mafi muhimmanci, mutumin da abin zai shafa yana da suna da ƙofar gida, ana iya yi masa sallama a tambaye shi. Sakkwato na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka, wanda aka ƙaddamar a 2007, ya ratsa a Najeriya, don haka wadda ta ƙware a nan ba za ta rasa wurin aiki ba.

Amma kada a ruɗe mu da girman abin. Burin ganuwar gaba ɗaya, daga Senegal zuwa Jibuti, shi ne riƙe tan miliyan 250 na kabon zuwa 2030. Duniya kuwa na fitar da kimanin tan biliyan 37 na iskar kabon kowace shekara daga mai da gas da kwal. Ko ta wace hanya aka lissafa, bai kai hayaƙin kwana 10 ba. A raya itace don ƙasa da inuwa da abinci, wannan hujja ce mai ƙarfi. A ce da shi za a sanyaya duniya, wannan talla ce.

Inda alhakin yake ɓoye shi ne kalmar nan ta sayarwa. Da zarar an sayar da kabon da ke cikin gawon wani manomi ga kamfanin jirgin sama a Turai, itacen ya shiga alkawari na shekara 20, 30 ko fiye. Wa ya sa hannu? A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978 ƙasa na hannun gwamna a matsayin amana, ga hakimi, ga mai gari, ga magada goma a gona ɗaya. Matar da ke sassaƙar reshe don girki ba ta cikin taron. Bafulatanin da burtalinsa ya bi ta wurin, wanda ke saro wa shanunsa ganye a bazara, yana can mashekari ranar da aka yi zaman. In aka kewaye fili aka ce an kare shi, a wannan yanki da rikicin manomi da makiyayi ya riga ya ci rayuka, ba itace kaɗai aka shuka ba. A 2023 an ga yadda wani kamfanin Dubai, Blue Carbon, ya nemi yarjejeniyar da za ta ba shi iko da kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasar Laberiya saboda cinikin kabon, mazauna dazuzzukan kuma suka ce ba a tuntuɓe su ba.

Gawayin da ake binnewa ma haka. Ana gasa kara ko ɓuntu a wurin da iska ba ta shiga sosai, ya zama gawayi, a gauraya da ƙasa, ya taimaka wa jigawa ta riƙe danshi, kabon ɗin kuma ya daɗe a binne. A takardar an rubuta cewa za a yi amfani da sharar gona. Na karanta wa wani dattijo manomi da muke sallah tare wannan layi, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wa yac ce musu kara shara na?" Da shi ake darni, da shi ake girki, shi dabba ke ci har ruwa ya sauka. Wanda ya kira shi shara bai taɓa sayen dami a watan Mayu ba.

Akwai kuma abin da ya shafe ta ita kanta. A aikin fili ita ce mai awo, kuma adadin da ta rubuta shi ne kuɗin da za a biya. Ranar da awonta ya nuna rabin abin da aka yi wa mai saye alkawari, wa zai tsaya mata? Matsin da ke kan mai riƙe da mudu a kasuwa ya fi na mai lissafi a ɗaki. Ban ma kawo maganar tsaro ba, wadda duk mai niyyar aiki a gabashin jihar nan sai ya yi ta da iyayensa.

Na auna su da ma'aunin da muka gada. Hadisin jirgin ruwa da ke cikin Bukhari ya zo mini: mutanen ƙasan jirgi suka ce bari mu huda rabonmu mu ɗebi ruwa, kada mu dami na sama; in aka bar su kowa ya nutse, in aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Sakin ƙura a sama hudar jirgi ce, ko da niyyar kirki, don babu wanda ke da rabonsa shi kaɗai a sararin sama. Malamai sun ce kawar da ɓarna na gaba da jawo amfani. Amma riƙe hannun mai huda na buƙatar wanda ya san jirgin, ya san inda katako ya yi rauni. Ƙa'idoji biyar da masanan jami'ar Oxford suka tsara wa wannan fanni a 2009 ba su yi nisa da wannan ba: a ɗauki abin a matsayin na jama'a, a sa mutane cikin shawara, a bayyana sakamako, wasu daban su tantance illa, kuma doka ta riga aiki.

Ga abin da na ce mata. Ita da lissafi ke zauna wa, kuma irinta ba su da yawa a nan, ta ɗauki ta farko, bisa sharaɗi uku da za ta nema a rubuce: a gaya mata asalin mai ba da kuɗin, a tabbatar tana da ikon wallafa sakamako ko da ya ce fasahar za ta kashe daminarmu, kuma sunanta ba zai shiga wani gwajin fili ko neman mallakar fasaha ba. In aka yi mata hanya-hanya a ɗaya daga ciki, ta bar musu kayansu. Wanda kuwa ƙarfinsa a fili yake, mai iya zama a tabarma da mai gari da arɗo har a fahimci juna, ta biyu ta fi masa, kuma amfaninta zai riga isa ga mutane. Shi ma kada ya taka ƙauye sai ya ga yarjejeniyar cinikin da idonsa, an fassara ta da Hausa da Fulatanci, an karanta a bainar jama'a, an faɗi kason manomi da lamba, an kuma faɗi abin da zai faru da wanda ya sare itacensa shekarar da yunwa ta matsa.

"Baffa, in duka biyun suka ƙi amsawa fa?"

Na ce sai ta ɗauki alli ta koyar a sakandare shekara ɗaya, ta sake nema. Ta tura wa kowanne tambayoyinsa ranar Litinin. Masu kwamfuta sun amsa biyu, sun ce na ukun sai shugaban tawaga ya dawo daga tafiya. Masu itatuwa sun aiko da hotunan gonaki masu kyau, yarjejeniyar kuwa sun ce sirrin kasuwanci ce, amma za su duba ko za a iya nuna mata wani sashe.